Ɗan Fari a Cikin Waya

Maigidana aikinsa hawa ƙarfen sabis ne. Danginmu in an tambaye su sukan ce injiniya ne a kamfanin waya, shi kuma ya ce a'a, shi dai mai hawa ne, ya kwance tsohuwar eriya ya ɗaura sabuwa ya sauko. In yana gari kayan aikinsa suna rataye a jikin wata ƙusa a bayan ƙofar ɗakinmu: farar hular kwano, da igiya, da wani bel mai ƙugiyoyi da yake ɗaurawa a ƙugu da cinyoyi. Na saba da su kamar yadda matar tela take sabawa da ƙyallaye. In na ga ƙusar babu komai a kanta, to ya yi tafiya ke nan.

A unguwar Malali ta Kaduna muke zaune, gidan haya mai ɗaki uku da ɗan tsakar gida, mu da yaranmu da mahaifiyarsa, wadda muke kira Hajiya. Bayan rasuwar mahaifinsa ne ya je ƙauyensu can ƙasar Katsina ya ɗauko ta. Shi ne ɗanta na fari, kuma Hajiya tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari yadda suka same ta a wurin iyayensu. Ba ta faɗar sunansa. Ba ta kallon fuskarsa. Ba ta tambayar lafiyarsa a gaban kowa. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a hannunta ya girma, ko da yake gida ɗaya suke, katanga ce kawai tsakani. Kullum da safe in ya dawo daga masallaci yakan durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango ko carbin hannunta. "Lafiya lau," ta ce, shi ke nan, ya tashi.

Ni a kwatas na tashi, babanmu ma'aikacin gwamnati ne, kuma mamarmu tana kiran babban yayanmu da sunansa har maƙwabta su ji. Saboda haka da farko na ɗauka wani abu ne ya taɓa shiga tsakaninsu. Sai da muka zauna tare na fara lura. In na kai mata abinci da nama, takan ture tsokar da ta fi kyau gefe ta ce ta yi mata tauri, a mayar wa masu haƙori. In hadari ya haɗu yana waje, ba ta shiga ɗaki sai ta ji ƙarar babur ɗinsa, sannan ta tashi da sauri kamar dama can tashi za ta yi. In dole ta ambace shi sai ta ce "mutumin naku", ko "maigidanki". Ni kuma tana ce mini 'yar nan.

Da yake yana yawan tafiya, mun samu wata hanya da babu wanda ya taɓa zama ya tsara ta. Yakan kira bayan la'asar, lokacin da muke zaune a tsakar gida. Sai in sa wayar a sifika in ajiye a kan tabarma, in riƙa yi masa tambayoyin da na san ba ni kaɗai nake son amsarsu ba. Ka ci abinci? A ina kuke kwana? Akwai gidan sauro? Ciwon bayan ya sake ka? Hajiya tana gefe tana tsintar shinkafa ko tsinkar zogale, kanta a ƙasa, ba ta cewa komai, don ta san waya tana ɗaukar murya. In na manta wata tambaya, bayan an kashe sai ta ce wa shinkafar, "Wasu garuruwan ruwan shansu ba kyau." Washegari sai in tambaye shi ruwan da suke sha.

A daminar da nake ba da labari, aka tura su wani gungu a tsakiyar kogin Kwara, wajen Yawuri. Ya zauna ya yi mini bayani yana shirya jaka, da ƙarfi yadda za a ji daga ɗakin da ke kusa. Ya ce akwai ƙarfen sabis a tsibirin tun da daɗewa, amma kayan da ke kansa tsofaffi ne, kira kawai suke ɗauka, shi ma sai mutum ya nemi tudu. Za su sauke su gaba ɗaya su ɗora sababbi masu saurin data, wanda ake ce wa fo-ji, su canja batira, su ƙara sola. Komai a kwale-kwale za a tsallaka da shi. Kuma ya ce daga ranar da suka kashe tsohon har ranar da suka kunna sabon, babu sabis a gungun, kada mu ji shiru mu damu.

Da safe ya durƙusa a ƙofarta ya ce zai tafi. Ta ce, "Allah ya tsare hanya." Ya ɗauki jakarsa ya nufi tashar Kawo. Da ƙofar gida ta rufu sai ta ɗago kai ta ce mini, "'Yar nan, wai shi gungun nan, ruwa ne ta ko'ina?"

Na ce, "Ta ko'ina, Hajiya."

"Ba gada?"

"Babu."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da jan carbi.

Hajiya ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba. Babban ruwan da ta sani shi ne kogin Kaduna, shi ma daga cikin mota, kuma in za mu hau gada takan rufe ido ta yi ta salati har mu sauka. A ƙauyensu rafi ne da yake zuwa da damina ya tafi da kaka.

Kwanakin farko ya kira kamar kullum, muryar tana yankewa tana dawowa. Ya ce sun tsallaka lafiya, an ba su rigar ruwa, mutanen gungun masunta ne da manoman shinkafa da albasa, kuma sun sauke su a wani ɗaki kusa da masallaci. Ya ce kifi har ya ishe shi. Daga nan wata rana ya ce gobe za su kashe ƙarfen. Washegari la'asar ta yi, muka zauna a tsakar gida da wayar a kan tabarma kamar yadda muka saba, ba ta yi ƙara ba. Mun san ba za ta yi ba, amma mun zauna har aka kira magariba.

Ya ce 'yan kwanaki ne. Kwanakin suka wuce, aka shiga wasu. Ruwa kuwa a shekarar kamar da bakin ƙwarya, ko a nan Malali lambatu ya cika ya shigo layi. A rediyo kullum ana jan kunnen mutanen bakin kogi, ana cewa a daina cika wa kwale-kwale kaya. Hajiya tana da ƙaramar rediyo da take ajiyewa kusa da filo. Na lura ta daina kashe ta in an gama labarai, sai ta bar ta tana ta magana, ko za a ƙara wani abu.

Ba ta tambaye ni shi ba ko sau ɗaya. Wayar take tambaya.

"'Yar nan, wayar taki lafiya take kuwa? Ban ji kukanta ba."

"Lafiya lau take, Hajiya. Ɗazu ma mamarmu ta kira."

"Ko caji ne ya yi ƙasa? An kawo wuta, ki sa ta."

Sai in sa ta a caji ko da a cike take. Akwai wani ƙarfen sabis a bayan layinmu da ake hango kansa daga tsakar gida. Da can ba ta kula shi, amma a kwanakin nan na sha ganinta ta tsaya da buta a hannu tana kallonsa. Wata rana ta ce, "Irin wannan ne ake hawa?" Na ce irinsa ne. Ta daɗe tana auna tsawonsa da ido, sannan ta ce, "Mutane dai ba sa jin tsoron Allah da abin da suke ƙerawa." Ta shige banɗaki.

Azumin Litinin da Alhamis dama tana yi. Sai na ga ta haɗa da Talata, ta haɗa da Laraba. In na kai mata abin buɗa baki ta sha kunu kaɗan ta ture sauran. Ni ma hankalina ba a kwance yake ba, amma ni ina da inda zan kai nawa. Ina kiran mamarmu in yi mata kuka, ina faɗa wa maƙwabciyata, ina ambatonsa a gaban yara mu yi masa addu'a tare. Hajiya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya rage mata sallaya ce da rediyo.

Ana cikin haka saƙo ya shigo daga wata lamba da ban sani ba. Wani abokin aikinsu ne da ya tsallako gari ɗaukar kaya. Ya rubuta cewa kowa lafiya, iska da ruwa ne suka hana hawa, kuma wani ƙarfe da aka aiko bai yi daidai ba sai an canjo. Na karanta da ƙarfi a tsakar gida kamar ina karanta wa kaina. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan ai rubutu ne. Kowa ma zai iya rubutawa."

Autarta, wadda take aure a Rigasa, ta zo duba ta a ranar Laraba. Ita kam babu kunya tsakaninsu, a kan cinyar Hajiya take zubewa da girmanta. Tana shigowa ta dube ta ta ce, "Inna, wannan ramar fa? Ko Anti ce ta daina ba ki abinci?"

"Azumi nake."

"Azumin me a tsakiyar damina? Inna, ki ce kawai kewar Yaya kike, ba wanda zai kai ki kotu."

"Ke, tashi ki ba ni wuri, marar ta-ido."

"Wallahi in ya dawo sai na faɗa masa. In ce Yaya, tsohuwar nan ta kusa ƙarewa saboda kai."

Hajiya ta ɗauki mafici ta kai mata duka, autar ta goce tana dariya. Ni ma na yi dariya. Amma da autar ta shiga kicin ta same ni, sai ta rage murya ta ce, "Anti, da gaske ba labari?" Na nuna mata saƙon. Ta karanta ta ce Allah ya sa mu ji alheri, ba ta ƙara zolayar ba har ta tafi.

Ranar da kiran ya zo ina da miya a wuta. Bayan la'asar ne, an ɗan yi yayyafi an ɗauke, Hajiya tana kan tabarma, filas ɗin shayin da na dafa mata yana gabanta ba ta taɓa ba. Wayar ta yi wani irin kuka da ba na kiran da muka saba ba. Na duba sai na ga kiran bidiyo ne, kuma shi ne. Ban taɓa samun irin wannan daga gare shi yana wurin aiki ba, don yawancin inda ake tura su sabis ɗin bai kai ba, shi ya sa ma ake tura su. Na danna, sai ga fuskarsa tar, da hular kwano, bayansa ƙafafun ƙarfe da sararin sama.

"Maman yara, kina ganina? Mun kunna. Gwaji nake, ke na fara kira."

Ban san me na ce ba. Na dai tuna na yi hamdala da ƙarfi, na kuma ji ƙaurin miya a lokaci guda. Na ce, "Hajiya, ga shi ya kira, har hotonsa yana fitowa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hoto kamar yaya? Kamar talabijin?"

Na ce, "E, kamar talabijin." Na jingina wayar a jikin filas ɗin, na ce masa ya ci gaba da magana ina jinsa, na ruga kicin.

Ban yi tunanin komai ba da na faɗi haka. Sai da na sauke tukunya na juyo zan fito, na tsaya a bakin ƙofar kicin, sannan na gane abin da ta fahimta. A wurin Hajiya talabijin abu ne da kake kallon mutum shi ba ya ganinka. Ta san murya tana tafiya, don haka bakinta a rufe yake. Amma ta matso. Ta ajiye carbi, ta dafa tabarma da hannu biyu, ta kai fuskarta dab da wayar, tana kallon ɗanta. Akwai ɗan ƙaramin akwati a kusurwar gilashin da yake nuna mai riƙe da waya, amma idonta bai kai nan ba, ko ya kai ba ta san na mene ne ba.

Daga inda nake ina jin muryarsa. Yana cikin cewa an gama ɗaure eriya ta ƙarshe da hantsi, sai ya yi shiru. Shirun ya ɗan yi tsawo har na ɗaga ƙafa zan fito. Sai na ji ya yi gyaran murya ya ci gaba.

"To, Maman yara, kamar yadda nake faɗa miki," in ji shi, "lafiyata ƙalau. Abinci muna ci sau uku. Ruwan sha na leda muka tsallako da shi. Bayan ma ya daina ciwo."

Ban tambaye shi ko ɗaya ba. Haka ya yi ta jero amsoshi, a hankali, yana kiran Maman yara a farkon kowace magana. Ya ce gidan sauronsa bai yage ba. Ya ce ba ya hawa in akwai hadari, kuma in ya hau ƙugiya biyu yake maƙalawa, ba ya sakin ɗaya sai ya kama da ɗaya. Ya ce mai kwale-kwalen da yake tsallaka da su dattijo ne, a ruwan aka haife shi. Ya cire hular kwanon ya riƙe a hannu, ban san dalili ba a lokacin. Daga baya ya ce mini gani ya yi tana leƙen ƙasan hular.

Yana da tabo a goshi, wajen gira ta hagu. Ya taɓa ba ni labari cewa yana ƙarami ya faɗo daga kan katangar da ke tsakanin sashen kakarsa da nasu, jini ya rufe masa ido, mahaifiyarsa tana tsaye a wurin da mutane, ba ta iya ɗaukarsa ba, sai wata gwaggonsa ce ta ɗauke shi. Na ga Hajiya ta ɗaga yatsa ta kai wajen goshin nan, ba ta taɓa gilashin ba, ta tsaya kaɗan ta mayar da hannun. Sannan leɓɓanta suka fara motsi. Ta karanta abin da za ta karanta, ta tofa a hankali a kan wayar, yadda take yi wa yarana in suna zazzaɓi.

Na koma cikin kicin na yi ta motsa miyar da ta riga ta dahu. Da na ji ya fara sallama sai na fito ina goge hannu, ina yin motsi da takalmi. Kafin in iso ta koma wurinta, carbi a hannu, tana kallon katanga. Na ɗauki wayar. Idonsa ya yi ja, ya ce iskar kogi ce. Muka yi sallama.

Hajiya ta jawo filas ta zuba shayi ta sha. Can ta ce, "Wasu in sun je bakin ruwa baƙi suke yi." Da magariba ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Bayan sallar magariba ya sake kira, kiran murya, na ɗauka a ɗaki. Abin da ya fara cewa shi ne, "Kada ki faɗa mata." Na ce ban yi niyya ba, amma in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. Ya ce ya yarda. Sannan ya ce, "Ashe idonta ya fara yin fari-fari a gefe. Ban sani ba." Na ce ya daɗe haka. Ya ce in ya dawo za a kai ta asibitin ido.

Aikin bai ƙare da kunnawa ba, sai sun zauna sun ga komai ya daidaita, ga kuma tsofaffin kaya da za a kwashe. Saboda haka kullum bayan la'asar sai ya kira, ni kuma in jingina wayar a jikin filas in tuna da wani aiki a kicin. Wani lokaci yakan juya wayar ya nuna wa Maman yara gungun: jiragen masunta a jere, mata suna shanya kifi, wani dattijo da ya sa aka kira masa ɗansa da ke Legas yana ta ihu yana cewa ga shi ga shi. Amma ba ya daɗewa sai ya mayar da ita kan fuskarsa. Hajiya ta daina azumin Talata da Laraba. Rediyo ta koma kashe ta bayan labarai.

Autar ce ta fasa, ba da gangan ba. Ta sayi sabuwar waya, ta kira ni da bidiyo da hantsi don ta gwada, ta ce in ba ta Inna. Na miƙa ban yi tunani ba. Hajiya ta karɓa ta riƙe dab da fuska yadda ta saba.

"Inna, ja da baya mana, hancinki kawai nake gani! Kuma gyara ɗankwalin, duk furfura a waje."

Hajiya ta kai hannu kanta. Ta tsaya haka.

"Kina ganina ne?"

"Ras nake ganinki. Ga carbinki nan, ga Anti a bayanki tana riƙe da tsintsiya."

Autar ta ci gaba da surutunta, Hajiya tana amsawa da e da a'a. Da aka gama ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba. Na juya zan tafi sai ta ce, "'Yar nan."

"Na'am, Hajiya."

"Kowane irin wannan kiran haka yake?"

Na ce, "Haka yake, Hajiya."

Ba ta ce don me ban faɗa mata ba. Ta tattara carbinta da maficinta ta shiga ɗaki ta saki labule. Da la'asar wayar ta yi kuka, na ɗauka ni kaɗai a tsakar gida. Ya dube ni, ya dubi bayana, ya ce, "Yau ba girki?" Na ce an gane talabijin ɗin. Ya ce, "To." Muka yi maganar yara da ta ruwan sama, na sa a sifika kamar da, na ɗan matsa kusa da labulen. Washegari ma haka. Ta koma gaishe ni a taƙaice, abinci kuma in na kai sai in ajiye a bakin ƙofa. Ban ga fushi a tare da ita ba. Kama ta yi da wadda aka buɗe wa ƙofar banɗaki bisa kuskure, ba ta san wanda za ta yi wa faɗa ba.

Ranar da ta zama ta ƙarshe a gungun, ya gaya mini tun da safe cewa gobe za su tsallako, kuma ruwa ya ƙaru sosai, sai an bi a hankali. Na maimaita wannan a tsakar gida ina shanya, da ƙarfi, ina gaya wa babbar 'yata. La'asar ta yi, na shimfiɗa tabarma na ajiye filas don sabo, na zauna ni kaɗai.

Sai labule ya motsa. Hajiya ta fito sanye da mayafinta mai ruwan toka wanda take zuwa suna da shi, ta ɗaura ɗankwali sosai babu gashi ko ɗaya a waje, har da kwalli. Ta zauna a wurinta, ta ɗan karkace, ba ta fuskanci filas ɗin sosai ba kuma ba ta ba shi baya ba. Can sai wayar ta yi kuka.

Ta ce, "Jingina talabijin ɗin naku a nan, ki je ki duba girkinki."

Babu komai a wuta, ko ashana ban ƙyasta ba. Na jingina wayar na tafi kicin na zauna a kan kujera 'yar tsugunne. Na ji ya yi sallama, ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Maman yara, gobe in Allah ya yarda da sassafe za mu taso, kafin iska ta tashi. Dattijon nan mai kwale-kwale ne zai tuƙa mu." Ya yi ta magana. Ban leƙa ba a ranar, don haka ban san ko ta kalle shi ba, ko sau nawa. Shi ma ban tambaye shi ba.

Ya dawo da buhun busasshen kifi, kayan aikinsa suka koma kan ƙusarsu. Washegari da safe ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, "Lafiya lau," ya tashi. An kai ta asibitin ido kamar yadda ya ce, autar ce ta raka ta, aka ba ta tabarau.

Har yanzu in ya yi tafiya yana kira bayan la'asar, ita kuma tana sa mayafi da tabarau ta fito, ni kuma ina da girki. Kwanakin baya aka ba su wani aiki a nan Kawo, inda in ya hau babur kafin shayi ya huce ya iso gida. La'asar tana yi wayar ta yi kukan bidiyo. Na dube ta, na dubi Hajiya, ta riga ta miƙa hannu tana gyara zaman filas ɗin.